Kun Tsara Tafiya, Wa Ya Tsara Dawowa?



Labari ya riga ya zaga, ba sai na ɓoye ba. Ranar Lahadi bayan sujada kwamitinku ya kawo mini takardar kasafin fitar ƙarshen shekara, na karanta ta sau biyu, na mayar musu ban sa hannu ba. Kafin in isa gida maganganu sun cika zauren WhatsApp. Wani ya rubuta cewa Baba Fasto ya tsufa. Wata ta ce tsoro ba daga wurin Allah yake ba. Wani kuma, wanda na san shi tun yana makarantar Lahadi yana kukan alewa, ya ce tauhidi ne ya yi mini yawa har ya danne bangaskiya. Ban sani ba ko kun manta ina cikin zauren ne, ko da gangan kuka yi don in gani. Na dai gani, ga amsata.

Takardar layi goma sha ɗaya ce. Akwai shinkafa da kaji, lemo da ruwan leda, rigunan anko, mai hoto, lasifika da janareta da man da zai sha, kuɗin shiga wurin, kuɗin kwale-kwalen da zai zagaya da ku a kan ruwa, da kafin alƙalamin motoci uku. Har da kek. Na nemi inda aka rubuta ƙarfe nawa za a taso, wa zai riƙe sunayen waɗanda suka tafi, ina cikon kuɗin direbobi yake, mai kwale-kwalen yana da rigunan kariya ko ba shi da su. Babu ko ɗaya. Da na tambayi shugabanku sai ya ce, "Baba, ai dawowa ba matsala ba ce, in an gama sai a taho." Wannan maganar ce na ƙi sa wa hannu.

Na tambaya daga ina shawarar shiga ruwa ta fito, aka nuna mini bidiyon wani ƙaton jirgin ruwan shaƙatawa, Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miyami ta Amurka a watan Janairu 2024. Tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja fiye da dubu bakwai. Na kalla, ya burge ni, ba zan yi ƙarya ba. Kuka ce ku ma za ku yi naku daidai ƙarfinku. Madalla. Sai dai bidiyon ya nuna muku wurin wanka da abinci da fitilu, bai nuna muku ranar ƙarshe ba, domin ba mai ɗaukar hoton ranar ƙarshe.

Ina da ƙanwa ma'aikaciyar jinya a Ingila. Ta tara kuɗinta ta shiga irin wannan jirgi na mako guda a Bahar Rum, ta kuwa ba ni labarin yadda ake gama tafiyar. Tun saura kwana biyu aka kawo mata takarda ana tambayar ƙarfe nawa jirginta na sama zai tashi. A kan amsarta aka ba ta alama mai launi da lamba ta ɗaura wa akwatinta. Daren ƙarshe kowa ya fitar da akwatinsa ƙofar ɗaki kafin ya kwanta, ma'aikata suka kwashe cikin dare; aka gargaɗe su kowa ya riƙe fasfo da magani da kayan da zai sa da safe, don akwai waɗanda ke manta su kulle komai a akwati su wayi gari da kayan barci. Aka kawo lissafin duk abin da ta ci bashi a cikin jirgin, ta duba, ta biya. Da safe ba wanda ya ruga ƙofa. Ana kiran rukuni-rukuni, kowa da launinsa. A bakin fita aka karanta katinta a na'ura, kamar yadda aka yi duk lokacin da ta sauka wani gari ko ta dawo, domin a kowane lokaci masu jirgin su san wane ne ke ciki, wane ne ke waje. Ta ce a kowane gari ana rubuta lokacin dawowa a allo, wanda ya makara kuwa sai ya ga bayan jirgi, ya nemi hanyarsa da kuɗinsa.

Mutanen nan hutu suka je. Sun fi mu kuɗi, sun fi mu hanyoyi masu kyau, ba mai tare su a daji. Duk da haka sun ba dawowa kwana biyu na shiri. Mu da muke da dalili goma na yin haka, ba mu ba ta ko layi ɗaya a takarda ba.

Kada kuma ku ɗauka hankali ne ya ishe su tun farko. Wuya suka sha. Ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya, da mutum fiye da dubu huɗu a ciki, saboda matuƙin ya matsa kusa da gaɓa. Mutum 32 suka mutu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a yammacin ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ko yadda ake ɗaura rigar kariya ba, an bar wannan sai gobe. Kotu ta yanke wa matuƙin, Francesco Schettino, ɗaurin shekara 16. Bayan wannan ne aka sauya doka, ya zama dole a yi wa fasinja wannan bayani tun a farkon tafiya, kafin jirgi ya yi nisa da tasha.

To mu namu darasin fa? Ba sai mun je Italiya ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su taron Mauludi. 'Ya'yan maƙwabtanmu ne, taron ibada za su, iyayensu sun yi musu addu'a kafin su fita kamar yadda naku za su yi muku. A watan Yuni 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, mutane suna dawowa daga ɗaurin aure a jihar Neja cikin dare, jirgi ya cika maƙil, ya kife a kogin Kwara, fiye da mutum 100 suka tafi. Biki ya yi kyau, an ci, an sha, an yi rawa. A hanyar gida abin ya faru. Ku da kuke bin 'yan fim kun fi ni sanin Junior Pope, wanda ya nutse a kogin Kwara ta wajen Anambra ranar 10 ga Afrilu 2024 tare da abokan aikinsa. Da yawanku kun ga bidiyon da ya ɗauki kansa a kwale-kwale ba rigar kariya a jikinsa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare a kan ruwa, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Dokar tana nan a takarda. Wanda zai tabbatar da ita a bakin ruwan da za ku je shi ne ku, domin ba jami'in da za ku tarar a can yana ƙirga ku.

Na san amsarku: mu ba kogi za mu ƙetare ba, zagayen minti ashirin ne a madatsar ruwa. Ku gaya mini, cikin ku saba'in da kuka rubuta suna, mutum nawa suka iya iyo? Mu 'yan birni ne. Kogin Kaduna ya ratsa garinmu, amma yawancinmu daga kan gada kawai muka san shi, ko daga bakin Gamji in an je ɗaukar hoto. Kuma na san halinku in an ga kyamara: kowa ya miƙe, kowa ya koma gefe guda don ya fito a hoto. Kwale-kwale ba ya buƙatar guguwa kafin ya juye, wannan ma ya ishe shi.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi damuna, wato cewa shiri rashin bangaskiya ne. Wannan koyarwa ta shigo mana ta baya, ta yi kaka-gida, har ta kai in mutum ya ce a duba tayar mota sai a ce masa kada ya yi mugun baki. Ban san inda kuka karanta ta ba. A Littafi Mai Tsarki da nake da shi, sura ta 27 ta Ayyukan Manzanni labarin tafiyar ruwa ce daga farko har ƙarshe, ku je ku karanta ta a natse. Manzo Bulus fursuna ne ana kai shi Roma. Da suka tsaya a wata mafaka a tsibirin Karita, shi ne ya ce kada a ci gaba, lokacin tafiyar teku ya wuce. Bai ce ya ga wahayi ba, lokacin shekara ya duba. Jarumin sojan ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin, mafi yawan mutane kuma suka goyi bayan a tafi domin wurin ba shi da daɗin zama. Wato an yi ƙuri'a, Bulus ya sha kaye. Da a zaurenku ne, da an ce ya tsufa. Suka shiga guguwa ta kwana goma sha huɗu.

Ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani. A tsakiyar guguwar mala'ika ya tabbatar wa Bulus cewa ba ran da zai salwanta. Alkawarin Allah ne, ba shakka a ciki. Amma da ma'aikatan jirgin suka so su sulale a ƙaramin kwale-kwale su gudu, Bulus ɗin nan da ya ji alkawarin da kunnensa shi ne ya faɗa wa sojoji cewa in waɗannan suka tafi ba mai tsira. Shi ne kuma ya matsa wa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. Ma'aikata suna ta gwada zurfin ruwa, suna sakin anka. Luka ya rubuta yawansu, mutum 276, wato wani ya ƙirga. Da jirgin ya farfashe a Malita, aka ce masu iya iyo su fara, sauran su kama katakai. Waɗannan katakan su ne rigunan kariyar zamaninsu. Allah ya cika alkawarinsa, ta hannun ma'aikatan jirgi da gurasa da katako ya cika shi.

Mai wayo a cikinku zai kawo mini Ezra, gara in riga shi. Gaskiya ne, a sura ta 8 Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojoji masu rakiya, domin ya riga ya yi shaida a gaban sarki cewa Allah yana kiyaye masu nemansa. Ya kira azumi, suka tafi, suka isa lafiya. Ban musa ba. Amma ku karanta surar duka. Kwana uku ya yi a bakin ruwan Ahawa yana duba jama'a, har ya gano ba Lawiyawa a cikinsu, ya aika aka nemo su. Ya auna azurfa da zinariya ya danƙa a hannun mutanen da ya zaɓa, da suka isa Urushalima aka sake aunawa aka rubuta. In kuna so ku yi irin ta Ezra, ku fara da azumin da kwana ukun ƙirgan. Nehemiya kuwa, a kan hanya irin wannan, ya karɓi rakiyar sojoji da mahaya, ba inda Nassi ya zarge shi. Wanda na sani ya taɓa ba da shawarar a yi tsalle daga sama a bar wa mala'iku aikin tarewa, kun san ko wane ne, kun kuma san amsar da Ubangiji ya ba shi a kan ƙololuwar Haikali.

Ba ku kaɗai nake yi wa faɗa ba. Rabin laifin dare da ke riskar matasa a hanya namu ne, mu masu riƙe makirufo. An ce za a tashi ƙarfe uku. Ƙarfe uku na yi sai a ce uban taro zai yi 'yar magana, uwar taro ma haka, sai baƙo na musamman, sai godiya, sai godiyar godiya, sai addu'ar rufewa da ta fi wa'azi tsawo. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Kaduna wajen ƙarfe shida, ba ta jiran kowa ya ce amin.

Na san wannan domin na yi shi. Shekarun baya, ina sabon fitowa daga makarantar tauhidi, na raka matasan wata ikilisiya irin wannan fita. Aka ba ni minti goma in yi gargaɗi, na ci kusan awa guda, ina jin daɗin muryata. Cikin motoci uku, direba ɗaya ya gaji da jira, ba a kuma cika masa kuɗinsa ba, ya tayar da motarsa ya tafi neman fasinja. Muka cusa mutanen mota uku a cikin biyu, wasu a kan cinyar wasu, magariba ta riga ta yi. Ba wanda ya kira suna, domin ba takardar suna. Na wannan mota suna zaton sauran suna waccan. Muka iso harabar majami'a da dare, iyaye suna tsaye a bakin ƙofa, kowa ya kama nasa. Wata uwa ta rage. Ta leƙa motar farko, ta leƙa ta biyu, ta juyo ta dube ni ta ce, "Fasto, ina 'yata?" Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, ta zaga bayan gida lokacin da muke rububin shiga mota. Ni da wani dattijo muka koma a motarsa. Muka same ta zaune a ɗakin maigadin wurin, wani tsoho Musulmi, ya ba ta tabarma da ruwa, ya ƙi tafiya gida sai an zo an ɗauke ta. Allah ya rufa mana asiri a daren nan. Ranar Lahadi aka so a sa abin cikin shaidar godiya, na ce a yi godiya, amma a faɗa wa jama'a cewa ni na jawo. Uwar ba ta sake barin 'yarta ta bi matasa ko'ina ba, ban kuma ga laifinta ba.

Kada ku ce wannan sakacin ƙaramin fasto ne kawai. Yusufu da Maryamu ma, a kan hanyar dawowa daga Idin Ƙetarewa, sun yi tafiyar yini guda kowa yana zaton Yaron yana cikin ayari, sai bayan kwana uku suka same shi. In hakan ta sami waɗannan, ban ga abin da zai hana ta sami sakatarenku ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mu da majami'armu take wannan ƙetaren. Kun san tun bayan rikicin 2000 da na 2002 garin nan ya rabu, iyalai da yawa suka koma kudancin kogi. Har yau rabinku daga can kuke zuwa sujada, daga Sabon Tasha, Narayi, Barnawa, Television, Unguwar Romi. Sauran kuma suna warwatse a Kawo, Malali, Unguwar Rimi, Hayin Banki, Mando. In mota ta sauke ku a ƙofar majami'a ƙarfe takwas na dare, kwamiti yana ganin ya gama aikinsa, alhali yarinyar da ke zaune a Romi yanzu ta fara tafiya: ta nemi Keke, ta sauya mota, ta haye gada, da ɗan canjin da ya rage mata in ya rage. Wanda ya isa hankali a 2018 ya tuna ranar Lahadi 21 ga Oktoba, da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a garin nan bayan rikicin Kasuwan Magani, mutane suka maƙale inda labarin ya same su. Mun kuma tuna jirgin ƙasan yamma da ya taso daga Abuja zuwa Rigasa ranar 28 ga Maris 2022. Waɗanda ke ciki ba laifin da suka yi, gida za su. Da aka dawo da zirga-zirgar a watan Disamba na shekarar, sai aka cire tafiyar dare. Hukumar jirgin ƙasa ta karanta garin da take ciki. Ina roƙon zumuntar matasa ta yi hakan ita ma.

Wani zai ce in haka ne a soke fitar mana, kowa ya zauna gida. A'a. Ina so ku je. Kun yi aiki shekara guda, kun share majami'a, kun yi waƙa, kun ziyarci marasa lafiya, wasunku ba su taɓa fita garin nan don hutu ba ko sau ɗaya. Hutu ba zunubi ba ne, ni ma zan zo, zan ci kazar. Abin da ba zan yi ba shi ne in tsaya gaban iyayenku in ce na ɗauki amanar 'ya'yansu zuwa, dawowa kuma sai yadda ta yiwu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da zai sa in sa hannu, ba kuma mai tsada ba ne. A rage kuɗin anko, riga ba ta kai kowa gida ba, a ware cikon kuɗin direbobi a hannun ma'aji, a ba su rubutaccen lokaci. Kowace mota ta sami mutum ɗaya mai takardar suna da lambar wayar iyaye, wanda ya tafi a mota ta biyu a mota ta biyu zai dawo, a kira suna kafin a tashi can, a sake kira in an iso. Mota ɗaya ta wuce kai tsaye ƙetaren kogi ta sauke mutanen can kusa da gidajensu. Mutum biyu daga kwamiti su je wurin tun kafin ranar, su ga kwale-kwalen da idonsu, su ƙirga rigunan kariya da hannunsu. In goma ne, mutum goma ne za su shiga a lokaci guda, in babu ko ɗaya, a kalli ruwan daga gaɓa. Ƙarfe uku da rabi motoci su tashi. Na faɗa wa dattawa, na kuma faɗa wa shugabar zumuntar mata, duk mai jawabi ya yi shi da safe kafin a ci abinci. Nawa gargaɗin minti biyar ne, na ba mai kula da lasifika izini ya kashe makirufo in na wuce.

Kwamiti ya same ni a ofis ranar Laraba bayan nazarin Littafi, ƙarfe shida, da sabuwar takardar. Wanda ya ce tauhidi ya yi mini yawa shi ma ya zo, shi nake so ya riƙe sunayen mota ta ɗaya.